Katantanwar ka: shekara guda ta wani saurayi a Jos, daga faɗuwa kan wuya zuwa juyi takwas

Asalin lamarin

Saurayin yana da shekara 19 lokacin da abin ya fara. Yana koyon gyaran waya a wani shago a Jos, siriri ne, nauyinsa kilo 61, kuma ba a san shi da wani ciwo ba. Ɗalibina ne a da a sakandare, inda nake koyar da motsa jiki, kuma unguwarmu ɗaya. Yawancin abin da ke nan da idona na gani, sauran daga bakinsa da na mahaifiyarsa na ji. Sun yarda in rubuta, amma ban da kama suna.

Tun yana ƙarami gwanin alkafura ne, irin yaran nan da ba a sauke yashi a ƙofar gini ba su taru a kai ba. Yana shekara 17 ya shiga wata ƙungiyar samari masu rawar birekdans, waɗanda ake gayyata bikin yaye ɗalibai da tallan kaya a bakin kasuwa.

Rawar ta fito ne daga unguwar Bronx ta birnin New York a farkon shekarun 1970, a tsakanin matasa baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico. Akwai gaɓa a cikin waƙa inda mawaƙi ke yin shiru a bar ganga ita kaɗai, to wannan gaɓar masu saka faifai suka riƙa maimaitawa don 'yan rawa su sami fili. Ana yin ta a tsaye, ana yin ta a ƙasa da hannu da ƙafa, ana daskarewa cak a wani yanayi, sannan akwai juye-juyen ƙarfi. A cikin juye-juyen nan ne ake da wanda mutum zai kafa kai a ƙasa, ƙafafu a sama, ya yi ta wulwulawa. Yaran ƙungiyar hedsifin suke cewa. Ni katantanwar ka nake kiransa, don duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya san kamannin.

Babu wanda ya iya shi a ƙungiyarsu.

Agusta da Satumba 2024: kwali a kan siminti

A ranakun 9 da 10 ga Agusta 2024 aka yi gasar wannan rawa karo na farko a wasannin Olamfik, a dandalin Concorde da ke Paris. Ami Yuasa ta Japan ta ci zinare a ɓangaren mata, Phil Wizard na Kanada ya ci na maza. Saurayin ya kalli guntayen bidiyon a waya har ya haddace su. Ƙungiyar tana da wasa a ƙarshen Disamba, sai ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa da katantanwa zai rufe wasan. Wata huɗu da 'yan kwanaki ya ba kansa.

Ya samo kwalin firiji ya shimfiɗa a kan siminti a bayan shago. Kullum bayan Magariba yakan yi minti 40 zuwa awa ɗaya. Malaminsa bidiyo ne da ya rage wa gudu. A lokacin, in ba a jikin bango ba, tsayuwar kansa ba ta wuce daƙiƙa 10, amma bai tsaya a kan wannan ba. Yakan kafa kai, ya wurga ƙafafu da iya ƙarfinsa, ya sami juyi ɗaya ko ɗaya da rabi, ya zube. Inda yake kafawa kuwa gaban kai ne, kusa da inda gashi ya fara daga goshi.

Zuwa ƙarshen Satumba fatar wurin ta saɓule sau biyu, gashi ya zube faɗin murfin kwalba, kuma kullum da safe wuyansa a sanƙare yake tashi. Man zafi yake shafawa ya wuce shago.

Oktoba 2024: katifa, sannan hular kwano

Ya ɗauka taurin simintin ne matsalar, sai ya koma kan tsohuwar katifar soso. A kwana na biyu kansa ya nutse cikin soson ya kafe, ƙugu ya juya, kai bai bi ba. Ya ce ya ji ƙas a wuyansa. Kwana uku ba ya iya waiwayawa ya yi sallama a salla sai ya haɗa da kafaɗa.

Da ya ji sauƙi ya ajiye katifa ya ari hular kwanon yayansa ta babur. Hular ta yi masa yawa, tana lilo a kansa, kuma ta haura kilo ɗaya. Amma tana da santsi, ranar farko a kan tayil ya yi juyi huɗu. Abokai suka yi ta ihu, aka ɗauki bidiyo aka sa a WhatsApp. Zafin fata ya ɗauke tunda yanzu roba ce ke gogar ƙasa, don haka ya ƙara lokacin atisaye.

A watan ne kuma ya ga wani bidiyo na 'yan kokawar Turawa suna ƙarfafa wuya ta hanyar kafa kai da dugadugai su bankare, suna gaba suna baya. Ya ƙara wannan a kan abin da yake yi, sau 30 kowace safiya, da wuyan da bai gama warkewa ba.

Nuwamba 2024: faɗuwar

Wata Asabar a tsakiyar wata, a falon gidan abokinsa, ya ɗauke hannayensa daga ƙasa a juyi na uku don ya gwada tafiya ba hannu. Hular ta zame gaba, haɓarsa ta koma ƙirji, jikin gaba ɗaya ya sauko a kan wuyan. Ya ce kamar an jona masa wutar lantarki daga wuya zuwa babban yatsan hannun dama. Hannun ya mutu na 'yan mintoci.

Abokan suka ɗaga shi zaune. Ɗaya ya kama kansa da hannu biyu ya ja sama, wai don ƙashin ya koma mazauninsa.

Kwana tara ya ɓoye. Ya sayi ƙwayar rage ciwo ta diclofenac a kemis yana sha safe da yamma. A kwana na biyar wani abokinsa ya kai shi wajen wani dattijo mai gyaran targaɗe. Dattijon ya tambaye shi ko yatsunsa suna masa tsiri-tsiri, ya ce e. Sai ya janye hannunsa ya ce, "Yaro, wuya ba ƙafa ba ne. Wannan ba aikina ba ne, ku tafi asibiti." Bai karɓi ko sisi ba. Saurayin bai tafi ba.

Maigidansa na shago ne ya gano. Ya lura ƙananan kusoshin waya suna ta kuɓuce wa yaron, ga sukundireba ba ta zama a hannunsa. Ya gaya wa mahaifiyar, ita kuma ta aiko a kira ni. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Malam, don Allah kada Umma ta san rawa ce." Ta riga ta sani.

Ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba 2024: asibiti

Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Amma likitan ƙashi ya gwada hannayen biyu ya tarar na dama ya yi rauni wajen ɗaga wuyan hannu, kuma jin taɓi ya ragu a babban yatsa da manuni. Ya ce wannan yankin jijiya ta shida ce ta wuya, ya nemi a yi hoton MRI, wanda ke nuna laka da jijiyoyi. Sai da aka yi kwana goma ana haɗa kuɗin. Sakamakon ya nuna laka lafiya lau, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bai fashe ba, ramin da laka ke bi ba matsattse ba ne. Jijiyar ce ta matsu lokacin faɗuwar, naman wuyan kuma ya ji rauni.

Likitan ya ɗauki biro ya zana mana. Ƙasusuwan wuya bakwai ne a jere, laka tana bi ta cikinsu. An yi su ne don ɗaukar kai, wanda bai fi kilo 5 ba, shi kuwa ya aza musu kilo 61 yana kuma murzawa. Wuya yana da ɗan lanƙwasa na halitta wanda ke sa nama ya shanye wani ɓangare na bugu. In aka sunkuyar da kai kamar digiri 30, lanƙwasar sai ta miƙe, duk nauyin da ya zo ta tsakiyar kai ya bi ƙasusuwan kai tsaye. Ta haka ne 'yan wasan ƙwallon Amurka mai ture-ture suka riƙa shanyewa, har a 1976 aka hana tunkarar abokin wasa da tsakiyar kai, kuma yawan masu shanyewar ya ragu ƙwarai bayan dokar. Ya ƙara da cewa jijiyoyin da ke motsa numfashi daga mataki na uku zuwa na biyar suke fitowa, wato sama kaɗan da inda yaron ya ji ciwo.

Da aka ba shi labarin abokin da ya ja kan, sai da ya ajiye biron. Ya ce wanda ya faɗi ta ka ya ce hannu ko ƙafa ta mutu, ba a ɗaga shi, ba a ja, ba a juya masa wuya. A riƙe kan yadda yake har a sami abin ɗaukarsa a miƙe.

Bai ɓoye ra'ayinsa ba: da ɗansa ne, ba zai so ya sake kafa kai a ƙasa ba. Amma ya ce ya san samari, in an hana su a fili za su yi a ɓoye. Don haka ya gindaya sharuɗɗa. Babu aza nauyi a kai sai ƙarfin hannu ya dawo daidai da na hagu kuma wuya yana juyawa ko'ina ba zafi. In tsiri-tsirin ya dawo ko sau ɗaya, ko ya taɓa hannu biyu, an gama da wannan wasa har abada.

Mai gashin ƙashi ta ɗora shi a kan atisaye mara motsi: ya sa tafin hannu a goshi ya tura kai ba tare da kan ya gusa ba, daƙiƙa 10 sau biyar, haka a ƙeya da gefe biyu. Ta hana bankarewar 'yan kokawa. Ta kuma sa aka ɗaga teburinsa na shago da bulo biyu, don yana wuni awa takwas a sunkuye kan waya. Ita ce ta dubi sanƙon da ke gaban kansa ta nuna masa wani rahoto da likitocin Denmark suka fitar a mujallar BMJ Case Reports a watan Oktoban 2024: wani mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi shekara 19 yana wannan juyi kusan sau biyar a mako, ƙullutu ya fito masa a tsakiyar kai har sai da aka yi masa tiyata a Copenhagen aka cire.

Wasan Disamba ya zo ya wuce, yana cikin 'yan kallo.

Janairu da Fabrairu 2025: wajen Kawu

A tsakiyar Janairu, bayan mako bakwai, likita ya sake gwada shi ya ce ƙarfin ya dawo. Ni na san tsayuwar ka, amma ban taɓa juyi ba. Sai na tuna da wani tela a unguwarmu, mutum mai shekara hamsin da wani abu, wanda ya yi wannan rawa a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da kaset ɗin bidiyo ya kawo ta gari. Yaran unguwa Kawu suke ce masa. Ya yarda ya koya masa, da sharaɗin cewa yaron ba zai yi komai ba in ba ya wurin.

Mako biyu na farko sauka kawai aka koya. A kan tabarmar roba mai kauri, gwiwoyi a naɗe, ƙafa ba ta yi nisa da ƙasa ba. Da ya ji zai tafi, sai ya danna ƙasa da tafukan hannu ya ɗauke nauyin daga kai, ya karya ƙugu, ya dira da ƙafa ko ya gangara gefe. Kawu yakan ture shi ba zato don ya ga ko hannun zai riga tunani. Saurayin ya gundura har ya yi mini ƙorafi: "Malam, ni juyi na zo koya, Kawu faɗuwa yake koya mini."

Daga nan aka nemi mazaunin kai. Kawu ya aza masa faranti a ka ya ce ya yi tafiya. "Inda 'yar talla ke aza gammo, nan ne wurinka. Ka taɓa ganin mai talla da gammo a goshi?" Wurin ya fi inda ya saba kafawa komawa baya da kusan faɗin yatsa huɗu. A nan ne wuya ke tsayuwa a saitinsa, ba a sunkuye ba, ba a ɗage ba. Hannaye kuma ba a layi ɗaya da kai ba: kai a gaba, tafuka biyu a baya, kamar duwatsun murhu.

Ma'aunin wucewa mataki na gaba shi ne daƙiƙa 60 a tsaye cak, ƙafafu a buɗe, ba bango, sau uku a jere, yana ƙirgawa da baki don a tabbatar yana numfashi. Ranar farko 12 ya yi. Sanyin Jos a wannan lokaci ba wasa ba ne, don haka sai an yi minti 15 ana ɗumama jiki kafin kai ya taɓa ƙasa. Ya cika sittin ɗin a makon ƙarshe na Fabrairu.

Maris 2025: azumi

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Kawu ya rufe wasan kai na wata guda, ya ce mai jin yunwa da barci ba ya riƙe saiti. Atisayen wuya da na ciki da kafaɗa kawai aka ci gaba da su bayan tarawihi.

Afrilu zuwa Yuli 2025: kwata ɗaya, a tsaya

Bayan Salla aka shirya wurin juyi: falankin katako a ƙasa, ledar ɗaki a kai. Katifa ta koma ta koyon tsayuwa da sauka kawai, ba a juyi a kanta. Aka sayo hular sanyi biyu a gwanjon kasuwar Katako, Kawu ya sa siririn soso a tsakaninsu ya ɗinka ƙyallen nailan mai santsi a daidai tsakiyar. Hular tana kama kai tsam, ba ta ƙara tsawo, kuma yana jin ƙasa ta cikinta.

Juyin da kwata aka fara, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye. Ƙafafu a buɗe su ja, ƙugu ya bi, kafaɗa da kai su bi tare kamar gungume ɗaya, hannaye su ɗaga su sake sauka a sabon wuri. A tsaya. A ƙirga uku. In tsayuwar ta girgiza, wannan kwatar ba ta shiga lissafi ba. Abin da Kawu ya fi maimaitawa shi ne ƙafa ke kawo juyi, hannu tsare saiti kawai yake yi, wuya kuwa ba shi da aiki sai ya tsaya. A da saurayin da hannu yake tunkuɗa kansa, shi ya sa yake ficewa daga tsakiya.

Ni aikina riƙe agogo ne. Kwana uku a mako, kuma duk lokacin da kai ya yi a ƙasa in an haɗa bai wuce minti uku a rana ba. Muna ɗaukar bidiyo daga gefe mu duba ko ƙugu yana saitin kai. Sau da yawa yakan rantse a miƙe yake, bidiyo ya nuna bayansa ya lanƙwashe kamar baka.

A watan Mayu aka sami koma baya. Ya haɗa kwata huɗu ya yi zagaye cikakke, daɗi ya kwashe shi, ya je ya ƙara na kansa kwana uku a jere a gida. Wuya ya sanƙare. Babu tsiri-tsiri, an gode Allah, kuma wannan karon shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ba shi hutun kwana goma, ya mayar da shi tsayuwar sittin, mako biyu kafin ya sake ganin kwata.

A Yuni aka cire tsayawar da ke tsakanin kwatoci, ya zama juyi a jere da taɓa ƙasa sau ɗaya kowane zagaye. Hajijiya ta dame shi da fari, har ya yi amai sau ɗaya, daga baya ta ragu. A tsakiyar Yuli Kawu ya bari ya ɗauke hannu na zagaye ɗaya, tafukan suna shawagi ɗan taƙi da ƙasa. Abin da ya hana shi ne haɗe ƙafafu a sama. In mai juyi ya tattaro ƙafafunsa zuwa tsakiya gudun yana ƙaruwa nan take, kamar yadda masu rawar kan ƙanƙara ke yi in sun naɗe hannu, kuma a wannan gudun kuskure kaɗan ya isa.

Agusta 2025: inda aka tsaya

Shekara guda cif da farawa, yana juyi takwas da taɓa ƙasa, biyu zuwa uku ba hannu, kuma yana sauka da ƙafa a inda ya ga dama. Likita ya sake duba shi, ƙarfi da jin taɓi daidai suke a hannu biyu. Sanƙon gaban kai ya cike rabi. Ya yi juyin sau ɗaya a gaban jama'a, a wani bikin yaye ɗalibai, daƙiƙa shida ko bakwai ke nan a cikin wasan minti biyar. Mahaifiyarsa ba ta je ba, kuma ta ce kada a nuna mata bidiyon.

Abin da na fahimta

Duk abin da ya gwada a wata ukun farko maganin zafi ne, ba maganin matsala ba. Katifa ta kawar da taurin ƙasa ta kafe kai. Hular kwano ta kawar da zafin fata ta ba shi gudun da bai da saitin riƙewa, ta kuma ɗaga shi daga ƙasa a kan abin da ke lilo. Man zafi da diclofenac sun rufe bakin wuyan da ke ta ƙara tun Satumba. A ganina hular ce ta fi cutar da shi, domin ita ce ta yi kama da nasara. Wanda tsayuwar kansa ba ta kai daƙiƙa 10 ba bai da abin da zai yi da juyi huɗu.

Wa'adin Disamba ma yana da nasa laifin. Shi ya sa ya tsallake tsayuwa, shi ya sa ya ɓoye ciwo kwana tara. Wajen Kawu babu ranar gamawa, ma'auni kawai ake da shi, kuma ma'aunin na jiki ne: sittin sau uku, kwata ba girgiza, minti uku a rana. Daga awa ɗaya kullum aka koma minti tara a mako, aka kuma fi samun ci gaba.

Ba zan ce hanyar Kawu ta mayar da wasan mara haɗari ba. Har yanzu kilo 61 ne a kan ƙasusuwa bakwai, kuma abin da shekaru za su yi wa wuyan da fatar kan yana gaba. Akwai kuma rabon da ba dabarar kowa ba ce: da faifan ya fashe ranar Asabar ɗin nan, ko da ƙashi ya tsage lokacin da abokin ya ja kan, da wani labarin nake rubutawa. Mutum biyu da suka fi burge ni a lamarin su ne dattijon da ya ƙi taɓa wuyan da maigidan da ya lura da kusoshi.

Laifina ni ma yana ciki. Na ga bidiyon hular kwanon a Oktoba, na tura masa alamar tafi.

Yanzu yara biyu daga ƙungiyar suna zuwa wajen Kawu, ciki har da wanda ya ja kan. Suna mako na biyu, har yanzu sauka suke koyo, kuma saurayin ne ke ture su.